Sanyaya kwamfutar wasa da rage ƙarar fanka

Sanyaya kwamfutar wasa shi ne fitar da zafin da sassan kwamfuta ke haifarwa a lokacin da ake buga wasannin bidiyo a kanta, domin sassan su ci gaba da aiki cikin iyakar zafin da masu ƙera su suka gindaya. Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha zafi take komawa, kuma kwamfutar wasa ta fi ta ofis shan wuta nesa ba kusa ba. Galibi da iska ake fitar da wannan zafi, ta hanyar fankoki, su kuma fankokin su ne tushen mafi yawan ƙarar da ake ji daga kwamfuta. Shi ya sa ake tattauna sanyi da shiru a wuri ɗaya: ƙara gudun fanka yana rage zafi amma yana daɗa ƙara, rage gudunta kuma yana kawo shiru amma zafi ya hau. Abin da ake nema shi ne daidaiton da zai hana kwamfuta rage gudu ko lalacewa ba tare da ta dami mai amfani da ita ba.

Kalmomi

Kalmar fanka ta shigo Hausa ta hanyar Turanci, asalinta kuma daga harshen Hindi ne, inda take nufin mafici. Wasu kalmomin wannan fanni an aro su daga bakin makanikai, kamar lagireto, famfo da boris, domin aikin da suke yi a cikin kwamfuta bai bambanta da wanda suke yi a mota ba. Masarrafi shi ne sashen da ke gudanar da lissafin kwamfuta, wanda aka fi sani da CPU. Katin hoto shi ne ke zana abin da ake gani a fuskar kwamfuta, guntun da ke tsakiyarsa kuma shi ne GPU. Mazuƙin zafi ƙarfe ne mai siraran fayafayai da ake ɗorawa a kan sashe mai zafi, madabod kuwa shi ne babban allon da ake jona sauran sassa a kai.

Tarihi

Masarrafin Intel 8088 da ke cikin kwamfutar IBM ta shekarar 1981 bai buƙaci fanka ba. Fanka ɗaya da ke cikin akwatin ba da wuta ta wadatar da dukkan na'urar. A shekarar 1993 aka fitar da Pentium na farko, mai shan kimanin wat 15, daga lokacin ne ɗora mazuƙin zafi da ƙaramar fanka a kan masarrafi ya zama ruwan dare. A 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, wanda ya tsayar da girman madabod da wuraren ɗaure shi a akwati, kuma har yau shi ne tushen yadda ake tsara yawancin kwamfutocin tebur.

Matsalar ƙara ta fito fili a farkon shekarun 2000. Katin GeForce FX 5800 Ultra na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2003, ya yi ƙaurin suna saboda ƙarar fankarsa har masu wasa suka riƙa kwatanta shi da na'urar zuƙe ƙura. A 2004 wasu nau'o'in Pentium 4 sun kai wat 115. A wannan zamani ne kamfanoni masu ƙera kayan sanyaya marasa ƙara suka samu kasuwa, irin su Zalman na Koriya ta Kudu, be quiet! na Jamus da Noctua na Austriya, wanda aka kafa a 2005.

Sanyaya da ruwa ya daɗe a manyan kwamfutoci. Cray-2 ta shekarar 1985 an nutsar da allunanta ne cikin wani ruwa marar ɗaukar lantarki mai suna Fluorinert. A kwamfutocin gida, masu sha'awa ne suka fara haɗa nasu da hannu, kafin rufaffun na'urori na kamfani su yaɗu bayan fitowar Corsair H50 a 2009, wadda kamfanin Asetek na ƙasar Denmak ya ƙera.

Shan wuta ya ci gaba da hauhawa. Katin GeForce RTX 4090 na 2022 an ƙayyade masa wat 450, RTX 5090 na 2025 kuma wat 575. Masarrafin Core i9-13900K na Intel yana iya shan wat 253 idan ya kai ƙololuwar gudunsa.

Illar zafi

Kowane masarrafi yana da iyakar zafi. A yawancin masarrafan Intel na kwamfutar tebur iyakar ita ce digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, a jerin Ryzen 7000 na AMD kuma digiri 95, in ban da nau'o'in X3D na jerin da aka tsayar a 89. Idan zafi ya kai iyaka, masarrafi yana rage gudunsa da kansa domin ya huce. A cikin wasa ana ganin wannan a matsayin tsinkewar hoto ko raguwar adadin hotunan da ke fitowa a daƙiƙa. Idan rage gudun bai isa ba, kwamfutar tana kashe kanta. Katunan hoto na zamani ma suna sassauta gudunsu kaɗan-kaɗan tun kafin su kai iyaka, don haka katin da ya fi samun sanyi yakan ɗan fi sauri.

Akwai kuma lahani na dogon lokaci. Zafi yana gajarta rayuwar wasu ƙananan sassa, musamman kafasito masu ruwa a ciki da man da ke cikin boris ɗin fanka. Yawan ɗumama da hucewa yana sa ƙarfe ya riƙa buɗewa yana tsukewa, abin da ke gajiyar da mahaɗan dalma. Fitaccen misali shi ne na'urar wasan Xbox 360, wadda da yawa daga cikin na farkonta suka mutu saboda tsagewar mahaɗan da ke ƙarƙashin guntun hoto. A 2007 kamfanin Microsoft ya tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara uku, ya kuma ware fiye da dala biliyan ɗaya domin gyara.

Yadda zafi ke fita

Zafi yana bin matakai kafin ya bar kwamfuta. Yana tashi daga guntun silikon zuwa murfin ƙarfen da ke kansa, daga nan zuwa gindin mazuƙin zafi, ya bazu cikin fayafayai, sannan iska ta ɗauke shi ta fitar da shi daga akwati. Duk matakin da ya samu cikas, sai zafi ya taru a bayansa, komai kyawun sauran.

Tsakanin murfin masarrafi da gindin mazuƙi akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda iska ke maƙalewa a ciki. Iska ba ta isar da zafi sosai: ma'auninta kusan 0.026 ne, alhali na alminiyam ya haura 200, na jan ƙarfe kuma ya kai kusan 400 a ma'auni ɗaya. Saboda haka ake shafa man isar da zafi domin ya cike ramukan. Shi ma man bai kai ƙarfe ba, don haka siririn shafi ake so, wanda zai rufe dukkan fuskar. Bayan wasu shekaru man yana iya bushewa ko ya zame gefe, sai a goge shi a sa sabo. Akwai kuma ruwan ƙarfe da ake haɗawa da sinadarin galiyam, irin wanda kamfanin Sony ya sa a PlayStation 5 a 2020. Ya fi man gama-gari isar da zafi, amma yana ɗaukar lantarki, yana kuma cinye alminiyam, saboda haka ba a sa shi a kan mazuƙin da gindinsa alminiyam ne.

Yawan iskar da ake buƙata ana iya lissafa shi. Kwamfutar da ke shan wat 600, idan ana son iskar da ke fita kada ta fi wadda ke shiga zafi da sama da digiri 10, tana buƙatar iskar da ta kai kimanin mita kubik 180 ta ratsa akwatinta a kowace awa. Fanka mai faɗin milimita 120 ta gama-gari tana tura kusan mita kubik 100 a awa a cikakken gudunta idan babu abin da ya tare ta, kuma raga da matatar ƙura suna rage wannan adadi. Wannan ne dalilin da ya sa akwatin kwamfutar wasa ke ɗauke da fankoki da yawa.

Hanyoyin sanyaya

Sanyaya da iska ita ce hanya mafi yaɗuwa. Mazuƙan zamani suna amfani da bututun zafi, wato rufaffen bututun jan ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa aka sa ɗan ruwa. Saboda ƙarancin matsi, ruwan yana tafasa da ɗan zafi kaɗan a ɓangaren da ke taɓa masarrafi, tururin ya tafi ɓangare mai sanyi ya koma ruwa, sannan ruwan ya dawo ta cikin wani soso na garin jan ƙarfe da ke manne a bangon bututun. George Grover ne ya ƙirƙiro nau'insa na zamani a ɗakin bincike na Los Alamos da ke Amurka a 1963. Babban mazuƙi mai siffar hasumiya yakan ƙunshi irin waɗannan bututu huɗu zuwa takwas. Abin da kawai ke motsi a cikinsa shi ne fanka, don haka ba ya yawan lalacewa.

Sanyaya da ruwa tana amfani da famfo wajen zagaya ruwa daga wani farantin jan ƙarfe da ke kan masarrafi zuwa lagireto, inda fankoki ke hura iska. Ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na iska mai girma ɗaya fiye da sau 3,000. Ana kiran lagireto da tsawonsa a milimita: 120, 240, 280, 360 ko 420. Ruwan ba ya kawar da buƙatar fanka, sai dai yana kai zafin zuwa fili mai faɗi inda fankoki da yawa za su iya juyawa a hankali. Famfon yana da tasa ƙarar, kuma idan aka ɗaura na'urar yadda famfon ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen, kumfar iska tana taruwa a cikinsa ta jawo ƙara da saurin lalacewa. Rufaffun na'urori suna rasa ruwa kaɗan-kaɗan ta jikin robar bututunsu a tsawon shekaru, kuma yawancinsu ba a iya ƙara musu. A gwaje-gwaje da dama babban mazuƙin iska yana yin kusan daidai da lagireto mai milimita 240.

Katunan hoto iri biyu ne ta fuskar sanyaya. Akwai mai fanka ɗaya rufaffiya da ke tura iska mai zafi waje ta bayan akwati. Wannan ya dace da matsattsen akwati, amma ƙararsa tana da yawa. Akwai kuma mai buɗaɗɗun fankoki biyu ko uku, wanda ya fi shiru amma yana zuba zafinsa cikin akwati, sai fankokin akwatin su fitar da shi. Tun wajajen 2014 katuna da yawa suna tsayar da fankokinsu gaba ɗaya idan ba a wasa, har sai zafi ya kai digiri 50 zuwa 60.

Tushen ƙara

Ana auna ƙara da desibel. Raɗa tana kusan desibel 30, hira ta yau da kullum kuma kusan 60. Ma'aunin ba ya tafiya kai tsaye: ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, amma sai an samu ƙarin kusan desibel 10 kunne ke jin kamar ƙarar ta ninka. Fankoki biyu iri ɗaya a gudu ɗaya sun fi guda ɗaya ƙara da desibel 3 kacal. A buɗaɗɗen wuri, ninka tazara daga tushen sauti yana rage kusan desibel 6, shi ya sa kwamfutar da ke kan tebur kusa da kunne ta fi wadda ke nesa damun mutum.

Babban tushen ƙara shi ne hargitsewar iska a gefen fukafukan fanka da kuma inda ta ci karo da raga, waya ko fayafayai. Bayan wannan akwai sauti mai amo ɗaya da ke fitowa daga wucewar fukafukai a gaban sandunan da ke riƙe da injin fanka. Fanka mai fukafukai 9 da ke juyawa sau 1,200 a minti tana ba da amo mai bugu 180 a daƙiƙa. Kunnen ɗan Adam ya fi jin sauti mai bugu 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, saboda haka siririyar ƙarar ƙananan fankoki masu saurin juyawa ta fi gundurar mutum a kan gurnanin manya. Idan fankoki biyu suna juyawa da gudu mai kusanci amma ba daidai ba, sautinsu yana haɗuwa ya riƙa tashi yana sauka.

Boris ma yana ba da gudummawa. Mai sauƙin kuɗi, wanda sanda ke juyawa cikin hannun riga mai ɗauke da mai, yana da shiru yana sabo amma yana saurin bushewa, musamman a wuri mai zafi. Mai ƙwallayen ƙarfe ya fi jure zafi da daɗewa, sai dai yana da ɗan ƙara. Nau'in da sandarsa ke shawagi a kan matsin mai shi ne aka fi samu a fankoki masu tsada, domin ya haɗa shiru da daɗewa. Fankar da ta fara karkarwa ko ƙugi galibi boris ɗinta ne ya ci.

Ba kowace ƙara ce ta fanka ba. Kukan koyil siririn sauti ne da ke fitowa daga kakkarwar naɗin waya a katin hoto ko akwatin ba da wuta idan wuta mai yawa na ratsa su. Ba ya nuna lalacewa, kuma yakan ragu idan aka taƙaita adadin hotuna a daƙiƙa. Tsohon nau'in ma'ajiyar bayanai mai faifan da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti yana girgiza akwati, alhali SSD ba ta da abin da ke motsi. Sukurorin da ba su ɗauru ba da murfin akwati mai sako-sako suna ƙara wa kowace girgiza amo.

Gudun fanka da girmanta

Dokokin fanka, waɗanda injiniyoyi ke amfani da su, sun nuna cewa yawan iska yana tafiya daidai da gudun juyawa, amma ƙara tana hawa fiye da haka. Idan aka rage gudun fanka zuwa rabi, iskarta tana raguwa zuwa rabi, ƙararta kuma tana sauka da kusan desibel 15. Idan aka ƙara fanka ta biyu a wannan rabin gudun, iskar ta dawo kusan yadda take, ƙarar kuma ta hau da desibel 3 kawai. Ribar ita ce kusan desibel 12, wato ƙasa da rabin ƙarar farko a kunne. A kan wannan lissafi aka gina ƙa'idar da aka fi bi: fankoki da yawa masu juyawa a hankali sun fi kaɗan masu juyawa da sauri. Haka ma girma. Fanka mai milimita 140 ta fi mai 120 fili da kusan kashi 36 cikin ɗari, don haka tana tura iska ɗaya da ƙarancin gudu.

Ana kera wasu fankoki domin tura iska mai yawa a buɗaɗɗen wuri, wasu kuma domin matsi, wato tura iska ta cikin abin da ke tare ta kamar lagireto ko matatar ƙura. Fanka mai fil uku ana sarrafa gudunta ta rage ƙarfin wutar da ke shigarta daga bolt 12. Mai fil huɗu, wadda Intel ya tsara ƙa'idarta a tsakiyar shekarun 2000, tana karɓar sigina ta musamman mai suna PWM, wadda ke ba da damar saukar da gudu sosai ba tare da fankar ta tsaya ba.

Ana tsara dangantakar zafi da gudun fanka a cikin BIOS ko ta manhaja. Saitin da madabod ke zuwa da shi yakan sa fanka ta zabura duk lokacin da zafin masarrafi ya yi tsalle na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma ƙara mai hawa da sauka ta fi mai tsayawa wuri ɗaya jan hankali. Ana magance wannan ta sa jinkiri na wasu daƙiƙoƙi kafin fanka ta sauya gudu, da kuma barin gudun a ƙasa har zafi ya kai wani mataki. A lokacin wasa katin hoto ne ya fi fitar da zafi, saboda haka wasu manhajoji suna ba da damar ɗaure fankokin akwati da zafinsa maimakon na masarrafi.

Tafiyar iska a cikin akwati

Tsarin da aka saba shi ne iska mai sanyi ta shiga ta gaba da ƙasa, mai zafi ta fita ta baya da sama. A yawancin fankoki iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan riƙe inji suke, wasu kuma suna da kibiya a gefe. Juya fanka ba daidai ba kuskure ne da ake yawan samu wajen haɗa kwamfuta. Akwatin da gabansa raga ce ya fi wanda gabansa gilashi ne ko rufaffen ƙarfe shan iska. Akwatuna masu soson tare sauti suna rage siririyar ƙara, amma idan sun hana iska shiga, fankoki suna ƙara gudu har ribar ta tafi.

Idan iskar da fankoki ke shigarwa ta fi wadda suke fitarwa, rarar tana fita ta ramukan akwati, ƙura kuma ba ta shiga sai ta inda aka sa matata. Idan fitarwa ta fi yawa, akwatin yana zuƙo iska da ƙura ta kowace kafa. Saboda haka a wuri mai ƙura an fi son shigarwa ta ɗan rinjaya. Wurin ajiye kwamfuta ma yana da tasiri: cusa ta cikin rufaffen kabad ko manna bayanta da bango yana sa ta sake shaƙar iskar da ta fitar, ajiye ta a kan kafet kuma yana toshe mashigar ƙasa.

Rage zafi daga tushe

Hanya mafi inganci ta rage ƙara ita ce rage wutar da ake sha. Wutar da guntu ke ci wajen aiki tana hawa daidai da gudunsa, amma tana bin ƙarfin boltej ninki biyu, ta yadda rage boltej da kashi 10 cikin ɗari ke rage wannan wuta da kusan kashi 19. Masu ƙera guntu suna ba shi boltej fiye da abin da yawancin guntaye ke buƙata domin kowanne ya yi aiki lafiya, don haka sau da yawa akwai sararin ragewa. Ana yin haka da manhajoji irin su MSI Afterburner a katin hoto, ko Curve Optimizer a masarrafan AMD. Idan aka rage fiye da kima, wasa yana tsayawa ko kwamfuta ta sake tashi, sai a mayar da saitin baya. A kwamfutocin Intel da yawa, musamman na cinya, an rufe wannan dama bayan gano raunin tsaro mai suna Plundervolt a 2019.

Ana kuma iya saukar da iyakar wutar katin hoto, domin ƙarshen gudunsa shi ne mafi tsada ta fuskar wuta. Rage iyakar kaɗan yakan jawo asarar gudu da ba ta kai yawan wutar da aka rage ba. Taƙaita adadin hotuna ma yana taimakawa. Idan fuskar kwamfuta tana nuna hotuna 60 a daƙiƙa, katin da ke zana 200 yana ƙona wuta a kan hotunan da ba za a gani cikakku ba.

Akwatin ba da wuta yana da nasa zafin. Wanda ingancinsa kashi 80 ne, idan yana ba da wat 600, yana jan 750 daga soket, 150 su zama zafi. Mai kashi 90 yana jan kusan 667, zafinsa 67 kacal. Tsarin tantancewa na 80 Plus, wanda aka fara a 2004, shi ne ke nuna wannan inganci a jikin kwali.

Kwamfutar cinya

Kwamfutar wasa ta cinya tana da ƙananan fankoki da siraran fayafayai, don haka fankokinta suna juyawa da sauri, wani lokaci fiye da sau 5,000 a minti, da siririyar ƙara. Galibi ta ƙasa take shan iska, saboda haka ɗora ta a kan katifa, filo ko darduma yana toshe ta. Ɗaga bayanta kaɗan daga tebur yana sauƙaƙa shigar iska. Ƙura tana taruwa kamar auduga tsakanin fanka da fayafayai, inda ba a ganinta sai an buɗe. Tunda ba a iya canza mata mazuƙi, rage wuta da taƙaita hotuna su ne manyan hanyoyin rage mata ƙara.

Yanayin wuri da kulawa

Fanka da lagireto ba sa iya sanyaya abu ƙasa da zafin iskar ɗaki, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙaru, sassan kwamfuta suna ƙaruwa da kusan digiri ɗaya. Yawancin gwaje-gwajen da ake wallafawa ana yin su ne a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25. Masarrafin da ya tsaya a digiri 75 a ɗaki mai 22 zai kai kusan 93 a ɗaki mai 40 idan gudun fanka bai canza ba. Wannan yana da muhimmanci a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafin rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ingantaccen mazuƙi ba ya rage zafin da ke shiga ɗaki. Kwamfuta mai shan wat 600 tana ɗumama ɗaki kamar hita mai wat 600, don haka rufaffen ɗaki yana ƙara zafi yayin da wasa ya yi tsawo, balle shagon wasa mai na'urori da yawa.

Ƙura tana toshe matata, tana kuma lulluɓe fayafayai ta hana su sakin zafi. A yankin Sahel ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris, tana da laushin da ke ratsa raga, don haka ana buƙatar share kwamfuta akai-akai fiye da yadda ake yi a ƙasashe masu damshi. Kafin shara ana kashe kwamfuta a zare ta daga wuta. Ana amfani da bulowa ko buroshi mai laushi, ana kuma riƙe fukafukan fanka kada iska ta juya su fiye da ƙima ta lalata boris. Matatar da ake cirewa ana iya wanke ta, amma sai ta bushe sarai ake mayarwa. Ba a buɗe akwatin ba da wuta, domin kafasitocinsa suna riƙe lantarki mai haɗari ko bayan an zare waya. Manhajoji irin su HWiNFO suna nuna zafin kowane sashe da gudun kowace fanka, kuma hauhawar zafi a wasa ɗaya da ɗaki ɗaya idan aka kwatanta da watannin baya alama ce ta taruwar ƙura, bushewar man isar da zafi, ko raunin famfo.